Takin Hayaƙi

A rediyo na ji, ina kishingiɗe a gindin mangwaro bakin kanal ɗinmu na Bunkure. Wani masani ya ce iskar kabon da injina ke fitarwa ana iya mayar da ita mai ko taki, in ta bi ta kan wani ƙarfe mai hanzarta haɗin. Ni dai kalmar ƙarfe na riƙe. Ƙarfe kam ina da shi.

Na dubi injin ban-ruwana yana aman hayaƙi, sai na ga buhunan takin yuriya ne ke tashi sama, farare fes, suna shawagi a kan gonakin shinkafa har Kura. Har sunan kamfani na raɗa a raina.

Ranar da aka sako mana ruwa na zuba tsofaffin ƙusoshi a duro, na jona tiyo daga salansar injin zuwa duron, na ɗaure kowace kafa da roba. Maƙwabcina Malam Sule ya leƙo.

"Alhaji, hayaƙin ta ina zai fita?"

"Ba fita zai yi ba," na ce masa cikin tausayi, "canzawa zai yi."

Injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Kafin bakanike ya iso an rufe ruwa, tumatirina duk ya yi yaushi. Ƙusoshin kuwa baƙi kawai suka ƙara.

Har yau in tirela ta wuce tana hayaƙi, a majalisa Malam Sule kan ce a hankali, "Alhaji, ga takinka can zai tsere."