Ƙaramar Tukunyata

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yata Ummi ta tona mini asiri a gaban surukata ba. Shekararta shida lokacin, amma ga zargi kamar tsohon ɗan sanda. Ba ta cin kifi. Duk abin da aka ajiye mata sai ta sunsuna, ta jujjuya, sannan ta kafe ka da ido.

Ba dabarar da ban yi ba. Na daka busasshen kifi da daddawa ya zama gari, na zuba a miyar kuka. Loma ɗaya ta ture kwanon ta ce, "Mama, me ya sa yau kika rufe ƙofar kicin?" Na ce kifi yana ƙara ƙwaƙwalwa. Ta ce ai ita ce ta ɗaya a ajinsu.

To ga abin da na ɓoye: ni ma ba na ci. Ƙarninsa tayar mini da zuciya yake yi. Amma ina amarya Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta tambaye ni ko ina cin kifi, kunya ta sa na ce ina matuƙar sonsa (mutanen Gamawa ne, bandar kifi ce sana'ar gidansu, ya zan yi?). Tun daga nan duk wata sai kwalin kifi ya iso Azare da sunana. Sai na riƙa ɗibar miyata a ƙaramar tukunya kafin in zuba kifin, ina cewa marar yaji ce, saboda olsa.

Ranar da Hajiya ta zo, muna cin tuwo a tabarma, Ummi ta ƙi taɓa nata. Ni kuwa na tashi nuna tarbiyya. "Ki ci mana! Ba ki ga ni ina ci ba?"

Ta dubi kwanona. Ta miƙo yatsa ta dangwala, ta lasa. Ta sake dangwala.

"Hajiya, ta Mama da yaji. Kifi ne babu. Dama na daɗe ina lura da ita."

Hajiya ma ta ɗanɗana. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Maman Ummi, shekara takwas ina tsince miki manyan tarwaɗa, ina hana bakina."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba ta haƙuri. Ta ɓantaro tsokar kifi biyu ta sa mana. "Ku ci, ina kallo."

"Mama ta fara," in ji Ummi.

Na haɗiye da hawaye. Ita kuwa ta tauna, ta ce a ƙara mata.

Yanzu da sunan Ummi kwalin yake zuwa. Ni kuma na gane: kafin ka tilasta wa yaro cin abu, ka tabbata hannunsa ba zai kai kwanonka ba.