Yadda Kwamfuta Ta Aura Mini Lungunmu

Jiya na fita daga gida ina da mata ɗaya, Memuna, wadda muka tsufa tare. Kafin la'asar na dawo ina da talatin da bakwai. Ba sadaki, ba goro, ba liman. Ku zauna ku ji, don ni ma sai da na nemi wuri na zauna.

Lungunmu na Nima, can bayan babbar gota, wato kwatar unguwa, ba shi da famfo. Mai son ruwa sai ya hau tudu, ya tsallake titi, ya bi layi, sannan ya gangaro da bokiti a ka. Wadda ta fi kowa shan wannan azaba ita ce maƙwabciyata Mma Abibatu mai waakye. Tukunyar shinkafa da wake ba ta dahuwa da addu'a, ruwa take sha. Mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun kumbura, 'yarta kuma ta aiko daga Kumasi cewa in azumi ya wuce ba famfo, za ta zo ta kwashe ta da tukwanenta. Abibatu ta ce a Nima aka binne cibiyarta, a Kumasi wa zai san ta?

Bara manya, Allah ya ƙara musu kujeru, suka yi alkawari: duk lungun da ya haura gida ashirin zai sami famfo. Suka aiko samari da biro su ƙirga mu. Lungun gabanmu ya samu. Na bayanmu ya samu. Mu shiru.

Jiya da safe Abibatu ta tsaya a kaina. "Baba Braimah, kai da ka yi boko, kai da ba ka da aiki sai kallon ƙadangaru, tashi ka raka ni ofis."

Bokona a aji uku ya tsaya. Ƙadangarun kuma ba kallon banza nake musu ba, bincike nake kan abin da ya sa suke gyaɗa kai ga duk maganar da aka yi. Amma na sa hula muka hau trotro, motar hayarmu.

Ofishin ba zan kama sunansa ba. Abin da zan faɗa shi ne, mutane na zube a baranda suna gumi, kwamfuta kuwa ɗakinta daban, da labule, da injin sanyi. A ƙofa aka sa muka cire takalma kamar masallaci. Tana zaune a kan tebur, an lulluɓe ta da leshin da Memuna ba ta taɓa ɗaurawa ba ko ranar Salla. Kusa da ita Mai Girma Sarkin Dannawa, cikin kwat, yana rawar sanyi saboda kishin ƙasa.

Ya yaye leshin. Jama'a, kifaye na gani! Ja da shuɗi, suna iyo a cikin gilashi, ba su jiƙa tebur ba. Na manta abin da ya kawo ni.

"Masa," na ce, don haka muke kiran manyan ofis a nan, "wa yake ba su abinci?"

"Hoto ne, tsoho."

"To ruwan fa? Ko bokiti ɗaya a ɗibar wa baiwar Allah nan."

Abibatu ta mintsine ni. Na faɗi sunan lungunmu. Sarkin Dannawa ya danna, kifayen suka gudu, kwamfuta ta yi gyaran murya, sannan ta tsaya cak. Ya kashe ta ya kunna. Ta ƙi. Ya zaro wani baƙin faifai daga bakinta, ya hura masa iska, ya goga a hannun kwat, ya mayar. Ta ƙi. Sai ya duba ƙofa, ya ga ba kowa, ya ɗauke ta da mari a kunci. Nan take rubutu ya fito.

"Haka aka koya mana a kwas," in ji shi.

Na jinjina. Haka Memuna take yi wa rediyonmu, amma ita ba ta da satifiket, don haka nata marin bai da daraja.

Ya kara fuska da gilashi ya karanta. "Lungunku bai cancanta ba. Gida ɗaya ne."

"Gida ɗaya?"

"Gida ɗaya, maigida ɗaya. Sunansa Braimah. Mata talatin da bakwai, 'ya'ya ɗari biyu da ɗoriya. Mutum irin wannan ai shi zai jawo wa kansa famfo."

Abibatu ta juyo ta dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa. "Ei! Baba Braimah! Har da ni?"

"Abibatu, ta goma sha ɗaya," in ji Sarkin Dannawa.

A nan na tuna ranar ƙirga. Da hantsi samarin suka zo, lokacin da maza duk sun watse: mahauta suna mayanka, direbobi suna tasha, 'yan tireda suna kasuwa. Ni kaɗai ne namijin da ya rage, a kan bencina, a bakin lungu. Suka rubuta sunana a farko, suka shiga gida gida suna tambayar mata sunayen mazajensu. Ku kun sani, su ba su sani ba: macen da ta sami tarbiyya ba ta kama sunan mijinta, yana raye ko yana kabari. Wata ta ce "shi". Wata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Wata ta kawo musu koko don su bar zancen. Samari suka gaji, suka sha koko, suka bar gurbin sunan miji ba komai.

Na kwashe duk wannan na faɗa wa Mai Girma. Sai fuskarsa ta washe kamar an yabi ɗansa.

"To ai shi ke nan! Wannan na'ura ba ta son gurbi. Duk inda ta ga an bar wuri, sai ta ɗauko sunan da ke sama ta cika da shi. Don sauƙaƙa aiki aka yi ta haka. Ka ga basira?"

"Na gani, Masa. To tunda ita ta ɗaura, ta warware mana."

"Abin da ya shiga ba ya gyaruwa sai da kalmar sirri."

"Ina kalmar?"

Kalmar tana kan injiniya. Injiniya ya tafi Turai ƙaro ilimi tun ana damina, kuma ilimin nan da yawa yake, har yanzu yana ƙarowa. Amma Mai Girma mutum ne mai tausayi. Ya ce in kawo matan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tsaya a gaban kwamfuta ta faɗi sunan mijinta da bakinta, a ajiye har injiniya ya dawo.

"Ni?" in ji Abibatu. "In kama sunan marigayi a gaban talabijin? Gara Kumasi." Ta faɗa da ƙarfi, amma da ta sunkuya neman takalminta na ga tana share ido da bakin mayafi.

Kada wani ya ce ina zagin ci gaba. A da, in akawu ya yi maka kuskure, kana iya bin sa gida, ka gaishe da uwarsa, ka tuna masa lahira. Yanzu an kawo mai kuskuren da ba ta da uwa, ba ta zuwa jana'iza, kuma ba ta gajiya: kuskure ɗaya ta maimaita shi sau talatin da shida kafin ka ce bismilla. Abin da akawu zai shekara yana ɓatawa, ita kafin shayi ya huce ta gama. In wannan ba ci gaba ba ne, ku gaya mini sunansa.

Muna sa takalma sai ga masinja a guje. Ashe labari ya hau bene. Mai Girma Uban Alkawura da kansa yana son ganin mutumin nan mai 'ya'ya ɗari biyu. Na manta ban gaya muku ba, zaɓe ya matso.

Aka ba ni kujerar da na nutse a ciki har gwiwoyina suka gaishe da gemuna. Aka buɗe mini lemo mai sanyi.

"Alhaji Braimah!" in ji Uban Alkawura, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ni da ban taɓa wuce Tamale ba. "Cikin yaran nan, nawa suka isa jefa ƙuri'a?"

"Ranka ya daɗe, ai kuskure ne aka..."

Ban san gwiwa mai kumburi tana da ƙarfi haka ba sai da Abibatu ta taka mini ƙafa. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, maigidanmu mutum ne mai kunya, ba ya son a san arzikinsa. Mu dai da yara, inda ya nuna nan muke dangwalawa. Ruwa ne kawai ya dame shi."

Maigidanmu! Lemo ya sarƙe ni. Uban Alkawura ya buga tebur, ya ce abin kunya ne a bar iyalin babban mutum suna hawa tudu da bokiti, wane ne ya yi wannan sakaci? Ma'aikatansa suka gyaɗa kai gaba ɗaya, ni kuwa bincikena ya ci gaba ƙwarai. Ya ɗaga tarho ya yi tsawa a ciki.

Trotro ɗinmu ya maƙale a cunkoso. Kafin mu iso, motar bututu ta riga mu, ana haƙa. Gida talatin da bakwai na talakawa sun shekara suna roƙo ba a ji ba. Attajiri ɗaya da babu shi a duniya ya yi tari, an kawo diga.

A bakin lungu na tarar da Moro mahauci, bai ko ajiye wuƙarsa ba.

"Baba Braimah, an ce har da tawa?"

"A cikin kwamfuta ne kawai, Moro."

"Ina kwamfutar take?"

"Tana ɗaki mai sanyi, an rufe ta da leshi."

"To ta zauna can." Ya dubi masu haƙa, ya dubi wuƙarsa. "Ruwan zai iso ƙofata?"

"Zai iso."

"To ka riƙe amana."

Memuna kuwa dariya ta yi har ta zauna a kan turmi. "Kai? Kai da ake aike sayen gishiri ka tsaya bin tururuwa? Allah ya ba su haƙuri, ni na saba."

Yau da safe famfo ya yi tari, ya yi kaki, ya zubo ja kamar shayi, sannan ya washe. Mata suka ja baya suka bar Abibatu ta fara tarawa. Ta cika tukunya, ta cika ta biyu, ta wanke fuska, ta tsaya tana kallon ruwan kamar ta ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Ta aika wa direban Kumasi ya gaya wa 'yarta kada ta wahalar da kanta. Ni kuma ta kawo mini waakye da ƙwai da taliya, ta dire a kan benci.

"Ci, maigida," ta ce. "Amma kada ka saba."

Ina cikin suɗe kwano sai ga dattawa daga Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Suka cire takalma, suka tsuguna, suka gaishe ni da iyali baki ɗaya. Wai lungunsu ya kai gida hamsin, ba ruwa, matansu ma masu kunya ne, ko ina da sauran wuri?

Na ce su bari in yi shawara. Ba ƙi nake ba, Allah ya sani. Na gidan ne ban gama sanin sunayensu ba tukuna.