Ƙyallen Gano Guba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa raba dattijo da gonarsa ba, a ƙauyenmu da ke gefen Randagi.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karantar ilimin gano guba. An koya mana sabuwar hanya. Maimakon a yi ta kwarara sinadarai masu ɓata ƙasa, sai a tsoma wani ɗan ƙyalle na musamman a ruwa, ya tsotso abin da ke ciki, a kai ɗakin gwaji. Na ɗauki abin da zafi, har hararar masu riƙe da leda nake yi.

Ina gida hutu awaki huɗu suka mutu bayan sun sha ruwan tafki. Aka ce ai Baba Bitrus ne, mai feshi a gonarsa ta bakin ruwa. Mai unguwa ya ce in ta tabbata, sai ya bar gonar. Nan na yi tsalle na shiga maganar (ba wanda ya kira ni).

Ranar tsoma ƙyalle gari ya taru. Na ƙi sa safar hannu, har da yi musu lacca kan illar roba. Bayan sati biyu na diro daga acaɓa ƙofar mai unguwa ina kaɗa takardar sakamakon gwaji.

"Ranka ya daɗe, maganin ƙwari ne a ruwan!"

Baba Bitrus ya ce, "Wane iri, 'yata? Ni na ciyawa nake fesawa."

Na karanta takardar har ƙasa (karon farko ke nan, Allah ya yafe mini). "Irin... na korar sauro."

"Au. Irin man da kika mulka a hannu kafin ki ɗauki ƙyallen? Ai har kin sam mini."

Sai aka fashe da dariya. Mai unguwa ya share hawaye ya ce, "To Malama, ke wace gonar za ki bari?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sake gwajin da safar hannu, ruwa lafiya lau. Daga baya likitan dabbobi ya ce ɗanyen ɓawon rogo awakin suka ci. Na je na durƙusa gaban Baba Bitrus, ya ce ba komai, amma bai yi dariya ba.

Har gobe ina kan bakana, a kiyaye ƙasa. Sai dai yanzu kafin in nuna wa mutum yatsa, yatsan nake fara gwadawa.