Ciwon da na gano wa amaryar Yaya

Shekara guda na yi ina ƙidayar yadda bincike kan ciwon tsananin damuwa ke ƙaruwa a mujallu, don kundin kammala jami'a. Na koma Madarunfa ina jin ko ganye ya yi yaushi, na san dalili.

Sai na tarar amaryar Yaya ta daina cin tuwo, kullum kwance, ba magana. Hankalina ya tashi. Na tara manyan gida, na jera musu alamomi, na ce a kai ta asibiti kafin mu rasa ta.

Inna ta dube ni da tausayi. "'Yar nan, cikin fari ne. Kunya take ji."

Ban taɓa jin daɗin kuskure haka ba.

Yanzu yaron har gudu yake. In ya yi ɓarna, sai uwarsa ta kira ni: "Likita, zo, ciwon naki ya kifar mini da fura."