Ranar da Muka Gudu Muka Bar Tuwon Madam Odil

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Lyon ba, ko na so ma Sista Rahila ba za ta bari ba.

Ina yaro Turawan mishan ne ke zuwa ƙauyenmu da akwatin magani, mu laɓe muna dariyar yadda suke cin tuwo da cokali. Yanzu abin ya juye. Bayan na yi ritaya daga aikin jinya, ikilisiyarmu ta tura mu uku Faransa, ni da Dokta Bulus da Sista Rahila, mu taya wata ƙungiya auna wa tsofaffi hawan jini da suga a unguwar Minguettes. Ni aka naɗa jagora, tunda na yi aiki a Chadi da Kamaru da Habasha, kuma ina jin Faransanci. Tun daga Paris na buɗe musu makaranta: yadda ake shiga metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, yadda ake raba shara, wanda ake sumbata a kumatu da wanda ake ba hannu. (Abin da ban gaya musu ba, duk yawon nan ban taɓa cin abinci a gidan Bafaranshe ba.)

Ɗakin da muke aiki a ciki na wata tsohuwa ne, Madam Odil, kyauta ta ba mu aro, makulli kuma a jakarta yake kwana. In ta yi fushi, sai dai mu auna jini a bakin titi. Ita ce ta gayyace mu cin abinci bayan sujada.

Aka zaunar da mu a falo, aka jero gyaɗa, zaitun, 'yan gutsattsarin cuku, da ruwan lemo. Mijinta, Mushe Rene (haka suke cewa Malam), ya kama ba mu labarin shekarunsa a masana'antar Saint-Fons. Awa guda ta wuce. Madam ta shige kicin shiru.

Rahila ta raɗa mini, "Baba, wai wannan ne abincin?"

Na ce, "Shi ne mana. Bature ba ya cika ciki da rana. Ku ci sosai kar a ce mun raina."

Muka share faranti tas. Ni kaɗai na tashi da kwanon gyaɗa biyu. Sannan na miƙe, na yi addu'ar godiya mai tsawo, na ja mutanena muka fita. Mushe Rene ya bi mu da ido, ya ɗauka iska za mu sha.

Muna saukowa daga bene ina ta sharhi da ƙarfi, cewa a Habasha ko talaka ba zai sallami baƙo da gyaɗa ba, sai muka yi kiciɓis da Alhaji Mamman, ɗan kasuwa mutumin Damagaram, maƙwabcin Madam, wanda ke zuwa awon jini wurinmu. Yana rungume da wata ƙatuwar kula.

"Malam likita, ina wuni? Ina zuwa haka?"

"Lafiya lau, Alhaji. Gida za mu, mun gama."

"Kun gama me?"

Na lissafa masa. Ya ajiye kular, ya dafa bango yana dariya har hularsa ta karkace.

"Haba Malam! Wannan ai aperitif ne, share fage! Kwana uku Madam na gidana, Hajiya na koya mata tuƙin tuwo, har ta ƙone a hannu. Ga miyar kuka nan na kawo. Naman rago kuwa tun safe yake kan wuta."

Rahila ta dube ni. "Baba, Bature ba ya me da rana?"

Hawa biyar muka koma, ina tsara ƙaryar da zan yi. Muka tarar da Madam a bakin ƙofa da muciya a hannu, idonta ya yi ja. Ta zaci ta ba mu wani abin da muke ƙyama ne muka yi zuciya. Kafin in buɗe baki Alhaji ya zayyana mata komai da Faransanci, har maganar Habasha bai rage ba. Na ji makullin nan yana yi mana bankwana. Na cire hula na ce, "Madam, laifina ne ni kaɗai. Ban sani ba, na yi kamar na sani."

Sai ta fashe da dariya, ta nuna mini kujera da muciyar.

Horona a faranti aka zuba shi. Malmala uku, gudaji a ciki kamar tsakuwa, a kan cikin da gyaɗa ta riga ta kama. Ina ci ina yabo, ina gumi. Bayan rago aka kawo latas, sai cuku kuma, sai kek. Kowane zuwa Alhaji ya ce, "Malam, kar ka tashi fa, da saura."

Washegari Madam ta miƙa wa Rahila makullin ɗakin, ta ce ta riƙe har mu koma gida, amma kar ta ba jagora, don yana da saurin tafiya.

Tun daga ranar na rufe makarantata. In ban san abu ba, tambaya nake yi, ko a gaban wa. A gidan mutane kuwa ba na tashi sai na ga uwargida ta zauna ta miƙe ƙafa.