Watasayid Ɗin da Babu Ruwa

"...da hanya, Kaka. Ya jikin? Ya idon?"

Malam ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, hularsa a hannu, ƙafar wandonsa duk laka. Kakarsa na zaune a kan katifa, an manne mata ido ɗaya da auduga. Jiya aka cire mata yanar ido a asibitin birni. Yau da safe ta ari wayar wata nas, ta kira shi ta ce ya tarye ta a Watasayid da ƙarfe sha ɗaya. Shi kuwa, malamin Turanci guda, ya zarce bakin kogi inda akwai allo mai wannan suna, ya yi ta tsayuwa har azahar ta gota. Ita tana can wata Watasayid ɗin ta saman gari, a kan bencin mai faci, jakarta a cinya.

"Wa nake ji haka?" in ji Kaka. "Ido ɗaya gare ni yau, ba zan ɓarnatar da shi a kan baƙo ba."

"Haba Kaka, mijin naki ne fa."

"Wane miji? Ai auren nan ya mutu tun sha biyun rana. Mai faci nake aure yanzu. Ya ba ni wurin zama, ya ba ni ruwa, ya tsayar mini da tasi."

Malam ya ƙaƙalo murmushi. "Ai dama sai mai faci. Wa zai kwashi tsohuwa mai haƙori huɗu in ba wanda ya saba da tsohuwar taya ba?"

"Huɗun nan duk sun san hanyar gida. Kai mai talatin da biyu, ina ka je?"

"Inda kika ce. Ki saurara, Kaka. Wata da Turanci ruwa ke nan, sayid kuma gefe. Bakin ruwa. Abin da kalmar ke nufi ke nan, a duba ƙamus."

"To fa! Kalmar ce ta sauko daga mota, ko ni?"

"Amma dai..."

"Watasayid uku ne a garin nan. Akwai ta kogi, akwai ta bayan kasuwa, akwai ta sama inda motocin birni ke sauke mutane. Ko akuyar gidan nan ta sani. Kwalekwale ka ji an ce na hau?"

"Yanzu fisabilillahi, wurin da ko ɗigon ruwa babu, sai ƙura da tayoyi, wane mahaukaci ya raɗa masa wannan suna?"

"Kakanka."

Malam ya ɗago kai.

"Ƙwarai kuwa. Famfo ne a wurin, tun uwarka ba ta iya tafiya ba. Ya buɗe shago a gefensa, ya sa aka rubuta sunan da jan fenti don a ce shi ma ya waye. Shago ya rushe, famfo ya ƙafe, direbobi suka riƙe suna. Ka ga uban gayyar ya yi Turancin burga, jikan ya zo ya faɗa ciki."

Malam ya sunkuyar da kai. Abin da ke cin ransa ba ta ma sani ba. Da safe mahaifiyarsa ta bi shi har zaure tana cewa ya tambaya wacce daga ciki, ya ce, "Ni za a koya wa Watasayid?" Ɗazu da ya shigo, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ci gaba da shanya.

Da Kaka ta sake magana, muryar ta sauka.

"Ba ranar ce ta dame ni ba, ɗan nan. Na san ba ka saɓa alkawari. Sai na ce to babur ɗin nan naka ne ya kayar da kai. Duk motar da ta taka birki, sai gabana ya faɗi."

Gara ma zagin. Idon Malam ya kawo ƙwalla.

"Ki yafe mini, Kaka. An ce in tambaya, girman kai ya hana ni."

"A'a, kar ka jiƙa mini tabarma. Taso ka ɗiga mini magani, lokacinsa ya yi. Uwarka hannunta rawa yake."

Ya wanke hannu, ya ɗaga audugar a hankali, ya karanta takardar maganin har sau biyu. Ɗigon farko ya kauce, ya gangara mata a kunci.

"Ka gani ko?" in ji Kaka. "An ce cikin ido, ya tafi gefe. Wai kai komai sai ka kai shi sayid?"

Dariya ta ƙwace masa, har sai da ya ajiye kwalbar.

"Na sallama. Mai faci ya fi ni."

"Ya fi ka mana. Sai dai ba ya wanka." Ta laluba jakarta, ta ciro lemo guda biyu da suka sha rana har suka yi laushi, ta cusa masa a aljihu. "Ungo, tsarabarka. Na mai da kai, amma auren gwaji ne. Sake ɗiga."