Ranar da Injin Wanki Ya Tona Mini Asiri

Abubuwa da yawa sun fara shige mini yanzu da girma ya zo, amma ba zan taɓa mantawa da daminar da aka bar mini ajiyar injin wanki ba. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ina amaryar wata bakwai. Maigidana yana koyarwa a wata sakandare a Minna, an ba mu gida a kwatas ɗin malamai da ke hanyar Bosso, ga lantarki ga famfo. Ni da na tashi ina jan guga a Kontagora, tuni kaina ya fara kumbura tun kafin inji ya shigo.

Maƙwabcinmu wani Ba'indiye ne mai koyar da lissafi. Matarsa, wadda duk kwatas ke kira Madam, ita ce mai injin. Fari ne tas, mai baki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matse ruwa. Da za su tafi hutun wata uku ƙasarsu, rufin kicin ɗinsu kuma yana yoyo, sai ta ce a kawo shi wurina, in yi amfani da shi in na so. Ta tsaya ta yi mini bayani da Turanci, da sauri, tana kaɗa kai, ni kuma da Turancina na aji bakwai ina ta gyaɗa nawa. Na gane inda ake murɗawa da inda ake zuba ruwa. Ta daɗe tana nuna murfin da tiyon da ke baya tana nanata wata magana, na ɗauka cewa take kada in bar ƙura ta shiga. (Da na tambaya da ta sake faɗi a hankali, mace ce mai haƙuri. Amma ina matar malami, a ce ban ji Turanci ba?)

Ban kai shi kicin ba. A falo na ajiye shi, daidai inda duk wanda ya yi sallama zai fara gani. Garin sabulun da ta bar mini ya ƙare cikin mako biyu, saboda har abin da bai yi datti ba wankewa nake. Sai na koma kankare sabulun sanda da wuƙa, in haɗa da na salo, in zuba da yawa, don a ganina yawan kumfa shi ne tsabta. In na gama, in sauke tiyo ruwa ya ɗan tsiyaye, ban jira ya ƙare ba, in rufe murfi ruf, in lulluɓe da leda, in shimfiɗa ƙyallen da na yi wa ado da zare, in ɗora kwanon tangaran a sama. Duk wannan a tsakiyar watan Agusta, lokacin da tawul ke kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Sannu a hankali falo ya fara wani irin wari. Na ce ɓera ne ya mutu. Na sa maigida ya janye kabad, ya ɗaga kujeru, ya leƙa silin, bai ga komai ba. Wata rana yana goge zufa ya ce, cikin lallashi, ko dai a duba injin nan. Na ɓata rai na tambaye shi yadda abin da ke cin sabulu kullum zai yi wari. Sai na ƙara yawan turaren wuta. Bayan haka na tafi ganin gida na kwana goma sha biyu, inji yana nan a rufe da guntun ruwansa.

Na dawo ana saura kwana huɗu bikin Hauwa, ƙanwar maigida. Washegari da hantsi uwar mijina, Inna, ta taso daga Tudun Wada da ƙawayenta biyu, don na daɗe ina roƙonta ta zo ta ga inji. Inna tana sona, tun ranar da aka kawo ni 'yata take ce mini. A ƙunshinta akwai farin mayafin da za ta yafa ranar biki, za ta biya ta bai wa mai guga. Marigayi Alhaji, baban maigida, shi ya kawo mata shi daga Makka tun zamanin da ake tafiya ta ƙasa. Ajiya ta sa ya ɗan yi ja a wurin ninki. Ta ce da hannu za ta ɗauraye shi tukuna. Na ce haba, ga inji a gida? Ta yi ɗan jinkiri, ta dube ni, ta miƙo.

Na yaye ƙyalle da leda kamar mai buɗe amarya. Da na ɗaga murfi warin ya bugi hancina, na ga ɗaya daga cikin tsofaffin ta ja bakin gyalenta ta rufe nata. Nan ya kamata in tsaya, in leƙa ciki. Sai na yi saurin juye tukunyar ruwan zafi, abin da ban taɓa yi ba, wai don farin kaya ya fi fita. Na watsa sabulu, na jefa mayafi, na murɗa, na juya ina yi musu lacca a kan yadda Turawa suka huta da dukan wanki.

Ina cikin bayani na lura babu mai kallona, duk injin suke kallo. Kumfar ta koma ruwan toka. Wasu baƙaƙen ɓawo masu santsi suna tasowa daga ƙasa suna yawo a kan ruwa. Ashe duk sabulun da na yi ta ɗura masa ya daskare a ƙarƙashin faifan da ke juyawa, fumfuna ta yi gida a kai, ruwan zafi ya zo ya kwance ta gaba ɗaya. Na kashe, na sa hannu na ciro mayafin Inna. Ya yi ɗigo-ɗigo tun daga wannan baki har wancan, sak bayan zabuwa.

Inna ta karɓa, ta ware shi, ta duba a hasken ƙofa. Sannan ta matso ta leƙa cikin injin, ta daɗe tana kallo, ta ce, “'Yata, shi wannan da yake wanke wa mutane kaya, wa yake masa wanka?”

Ban san lokacin da na durƙushe ina kuka ba. Ina ba ta haƙuri, ina ambaton Alhaji, ina cewa na cuce ta. Ta dafa kaina ta ce, “Wanda ya sayo shi ma ya tafi, mayafi ne zai tabbata? Tashi ki samo soso.”

Kukana ne ya jawo Maman Ladi, matar kafintan makaranta, Bagwariya da ta taɓa aikin wanki a wani asibitin mishan. Ta leƙa sau ɗaya ta ce, “Amarya, ka ba shi sabulu ya ƙoshi, ba ka ba shi iska ba.” (Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne.) Ta sa muka cire wuta muka fitar da shi tsakar gida. Ta kwance faifan da bakin wuƙa, abin da ke ƙasansa ba zan kwatanta ba don wataƙila kuna cin abinci. Ta zaro wata 'yar raga mai tare zare da ban ma san da ita ba. Muka goge ko'ina da ruwan kanwa mai ɗumi da tsohon buroshin haƙori, muka ɗura ruwan zafi ta tiyo har ya fito garau, muka bi da lemun tsami, muka ɗauraye, muka tsane da tsumma. Ta ce daga yau sabulu kaɗan, ruwa ya fita duka, a goge, a bar murfi a buɗe. Sai a lokacin na gane abin da Madam ta yi ta nanatawa.

Inna ba ta zauna kallo ba. Ta ɗaure zani, ta karɓi buroshi, ita ta goge baki na biyu, tana yi tana tambayar Maman Ladi amfanin kowane ƙarfe. Mayafin kuwa ta tafi da shi gida, ta jiƙa da lemun tsami, ta yi kwana biyu tana farautar rana tsakanin ruwa da ruwa. Ya fita, sai tabo ɗaya a gefe da ya ƙi. Ranar biki ta yafa abinta, ta soke gefen a hammata, ta kama hannuna ta zaga da ni gaida dangi. Ita ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙawayenta ne suka ɗauke mata wannan nauyi, don kafin a raba goro mata uku sun tambaye ni ko inji ya warke.

Tun daga ranar na daina yarda da duk abin da na ga an lulluɓe da ƙyalle mai ado ana ta yi masa turare. In kun zo gidana yau kuka ga injin wanki baki buɗe kamar mai hamma, kada ku taimaka ku rufe mini. Da gangan ne, kuma na sha kunya kafin in koya.